Na Raka Uban Asabe Ingila, Na Dawo da Jakarsa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya kuma dawo da ni.

Shekara guda ke nan da dawowata, amma har yau matan Makera ba su gaji da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a wurin niƙa a tambaye ni: "Hajiya Kande, yaya Ingila?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ta tsinci inda ya yi mata daɗi ta tafi. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai buga tafireta a masaƙa, na ce ta zauna ta rubuta sau ɗaya. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na gaya mata kada ta kuskura ta gyara mini magana. Duk wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Wanda na raka ɗana ne, ɗan fari. Kun san yadda aka rene mu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Da mahaifinsa ya rasu ya je ƙauye ya ɗauko ni, muka yi shekara goma sha ɗaya a gida ɗaya, amma magana sai ta bakin matarsa Hadiza. Ni in ce, "A gaya wa uban Asabe," shi ya ce, "A ce wa Inna." Mutanen unguwa kuwa Foman suke ce masa, don shi ne babba a sashen rini na masaƙa.

Ni na fara ganin ciwon, kafin matarsa. Kullum da safe ina leƙensa ta kafar zaure in zai tafi aiki. Sai na lura in ya hau keke ya kai kwanar masallaci yakan sauka, ya dafe ƙirji, ya yi kamar yana duba sarƙa. Kwana uku ina gani. A na huɗu na ce wa Hadiza, "Mijinki yana ɓoye ciwo, ke kuma kina nan kina kitso." Daga likitan masaƙa aka tura shi babban asibiti a tsallaken kogi. Suka ce jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, kuma aikinta ba a yinsa a nan. Masaƙa ta ɗauki nauyin fitar da shi, aka ce sai da ɗan rakiya. Hadiza cikinta ya tsufa. Ƙanensa soja ne, ba a ba shi izini ba. Ni ce mai fasfo tun na aikin Hajji. Aka ce ni.

Hadiza tana haɗa mini kaya tana dariya. "To Inna, a can wa zai riƙa kai muku magana?"

Na ce ta kama bakinta. Da na san abin da ta tambaya, da na zauna na yi tunani.

Oga Emeka, bakanike a Kakuri, abokinsa tun suna samari, shi ya kai mu Kano a motarsa. Yayarsa ce ma za ta sauke mu a can, don nas ce. Mun wuce shingen soja ban san iyaka ba, kowanne sai an buɗe mana but ɗin mota. Bayan Zariya taya ta fashe. Uban Asabe ya fita ya kama jak zai ɗaga, Emeka ya daka masa tsawa: "Foman, abeg, ka zauna! Kana so ka mutu mini a hanya Mama ta cinye ni?" Uban Asabe ya yi dariya ya koma gindin bishiya. Na gan shi ya juya baya ya jefa 'yar ƙwayar maganinsa ƙarƙashin harshe. Na gani, na kau da kai.

Jirgi ba baƙona ba ne, amma wannan ba irin na alhazai ba ne. Ba mai talbiya, ba mai ba ka dabino. Kujerunmu a manne, kafaɗata tana taɓa tasa. Shekara arba'in da huɗu rabon da jikina ya taɓa nasa. Na sa gyale na raba tsakaninmu, na juya fuskata wajen taga har muka sauka. Abincinsu kuwa wani farin nama ne ba gishiri ba yaji, na rufe na mayar. A bayan gidan jirgin babu buta. Wannan kada a tambaye ni yadda na yi.

A bakin shiga ƙasar tasu abin da na fara lura da shi layi ne. Mu sai da soja ya tsaya da bulala muka koyi layi, su kuwa ba mai tsaron su, kowa ya bi bayan wani shiru kamar masu zaman makoki. Muka isa gaban wani jami'i mai jan gashi. Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya yi tambaya. Uban Asabe ya sunkuyar da kai ya ce wa teburin, "Wai a faɗi sunan wanda aka rako."

Na yi shiru.

Jami'in ya sake tambaya. Na dubi ƙasa. Sai aka ware mu gefe, aka zazzage jakata. Suka kwance ƙullin daddawa, wata mace ta toshe hanci ta ja da baya. Suka kwashe kilishin da Hadiza ta yi masa guzuri, suka bar mini kuka da kuɓewa da goro. Uban Asabe ya yi ta Turanci, gumi yana zubo masa a cikin wannan sanyi. Daga baya jami'in ya fashe da dariya, ya kira ɗan'uwansa ya nuna ni. Na san ni ake wa dariya. A raina na ce ku yi, marasa kunya.

Sista Nkechi tana jiranmu a waje. A Kakuri aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawan. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yafa mini wata rigar sanyi mai nauyin buhu. Gidanta a sama yake, ɗaki biyu da ɗan lungu a tsakani, ƙofa tana kallon ƙofa. Ta ba shi ɗaki ɗaya, ni da ita ɗaya. A ranar ta gane yadda muke magana.

"Mama, har yanzu ana wannan abu? Ɗanki ne fa!"

"Ke dai faɗa masa ruwan wanka ya yi zafi."

"Foman, ka ji ai. Kunnenka ba a toshe yake ba, jijiya ce ta toshe."

Haka ta zama Hadizarmu.

Garin nan ba ni da abin yabo a kansa sai ruwan famfo, wanda ba ya ɗaukewa. Rana ba ta fitowa balle ka gane azahar daga la'asar, sai na riƙa bin agogon Sista. Ƙofofi a rufe, ba sallama, ba yaro mai shigowa ɗebo wuta. Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce Baturiya, ita da karenta kaɗai, kuma wai tana da 'ya'ya uku a garin. Na gaishe ta sau biyu a matakala, ta ɗaga mini gira. Tuwo kuwa da wani farin gari na kwali nake tuƙa shi, ba ya kama hannu. Duk da haka uban Asabe yakan cinye, ya turo kwanon bakin ƙofa. Da haka nake gane lafiyarsa, da abin da ya rage a kwano.

Ranar da aka kwantar da shi, likitan ya zaunar da mu ya zana zuciya a takarda, Sista tana fassara mini. Ya ce jijiyar kamar bututun famfo ce da kitse ya like a ciki, jini ba ya wucewa sai ɗis-ɗis. Dā sai an tsaga ƙirji. Yanzu akwai sabuwar dabara. Za su huda gindin cinya, su zura wata siririyar roba kamar tsinken tsintsiya, su yi ta tura ta cikin jijiya har ta kai zuciya. A bakinta akwai ɗan balan-balan. In ta kai wurin da ya toshe sai a hura shi, ya danne kitsen jikin bango, hanya ta buɗe, a zare. Kuma mutum idonsa biyu, yana kallon zuciyarsa a talabijin.

Na ce, "Tambaye shi, balan-balan irin na yara ranar Salla?"

Likitan ya yi murmushi ya ce kusan haka. Sannan ya daina murmushi. Ya ce wani lokaci hanyar takan sake rufewa, ko nan kusa ko bayan watanni. In ciwon ya dawo ba a jira. Ya maimaita, Sista ta maimaita mini. Rifkatu, rubuta wannan da kyau: an gaya mini, da Hausa, na kuma ji.

Da za a tura shi ɗakin aikin, wata nas ta kamo hannuna za ta ɗora a kan nasa. Na fizge. Ta dube ni kamar na zage ta. A gadon kusa akwai wani ƙaton Bature mai furfura, uwarsa tsohuwa tukuf tana shafa masa kai, tana kiran sunansa, har da sumbatar goshi a gaban jama'a. Na ce wa Sista, "Dubi rashin ta-ido." Uban Asabe yana kwance yana kallon su. Har aka tura gadonsa bai ɗauke ido daga kansu ba.

Aikin bai kai tsawon dahuwar wake ba. Aka fito da shi, aka ɗora masa jakar yashi a cinya, aka ce kada ya motsa. Yana ta zuba wa Sista labari, ni ina bayan labule ina ji. Wai sun zuba masa wani ruwa a jijiya don ta fito a hoto, ya ji zafi ya bi jikinsa gaba ɗaya. "Shekara ashirin ina rina atamfa," in ji shi, "yau ni aka rina." Wai da aka hura balan-balan ɗin ya ji ciwon nan nasa ya taso har ya yi salati, da aka sace iskar sai ya ji wasai. Likitan ya nuna mini hoto biyu. A na farko jijiyar ta tsuke kamar an ɗaure ta da zare, a na biyu ta miƙe sumul. Na yi hamdala a zuci. Ban leƙa labulen ba.

Bayan kwana biyu aka sallame shi. Ya hau matakalar gidan Sista bai tsaya ba, ya kai sama ya juyo yana dariya. Aka sa mana ranar komawa gida. Ba shi da zance sai na haihuwar Hadiza, wai ko ta halin ƙaƙa da shi za a yi suna.

Sista tana fita aiki da sassafe, ba ta dawowa sai la'asar. Don haka ta rubuta wata takarda da Turanci ta ba ni. Ta ce, "Mama, in kin ga ciwon ya taso, kada ki tsaya tambayarsa, kin san halin maza. Ki buga ƙofar tsohuwar nan ki miƙa mata wannan, za ta kira motar asibiti. Na riga na yi magana da ita. Taku biyar ne." Na ƙulle takardar a bakin zanena.

Saura kwana biyu mu taho, ranar Talata, na kai masa koko bakin ƙofa da safe. Da hantsi na koma ɗaukar kwano, na tarar ko rabi bai sha ba. Na tsaya a lungun. Sai na ji ƙarar murfin 'yar kwalbar maganin nan tasa. Na san ƙararta kamar yadda na san tarinsa.

Na ce wa ƙofar, "Ko ciwon ne?"

Ya ce, "A'a. Ƙwarnafi ne. A ce wa Inna kada ta damu."

Babu kowa a gidan da zai ce wa Inna. Ni ce, shi ne, sai ƙofa, kuma ƙofar ba a kulle take ba.

Na jawo kujera na zauna. Na kwance takardar na riƙe a hannu. Can na sake jin murfin. Na biyu ke nan. Ta ƙarƙashin ƙofa ina ganin inuwarsa, ya tashi ya zauna, ya tashi ya zauna.

"Ko a kai takardar?"

"A bari. In aka kai za su riƙe mutum, su ce sai an tsaga ƙirji. Jibi za mu tafi. Zai wuce."

Na san ƙarya yake yi. Ni da na gane ciwonsa daga kafar zaure, a tazarar gida goma, zan kasa ganewa a bayan katako? Abin da ya kamata in yi, in tura ƙofar in dubi fuskarsa. Da na gan ta, wallahi da ban tsaya jin ta bakinsa ba. Amma uwa ba ta shiga ɗakin ɗan fari. Uwa ba ta rawar jiki a kansa, ba ta fita a guje tana buga ƙofar mutane saboda shi. Na ce bari Sista ta dawo ta duba shi, ita ce nas, ita ce mai shiga. Na yi alwala na yi walaha. Na dawo kujerar. Murfi na uku. Na huɗu.

Ina tambayar kaina har gobe: kunyar wa nake ji? Surukata ta rasu shekara talatin. Babu Bahaushe ko ɗaya a wannan layi. Tsohuwar da karenta ba su san ɗan fari daga ɗan auta ba. Ba mai ganina sai Allah, kuma Shi bai ce in zauna ba.

Wajen azahar na ji ya ce, "Inna." Ba "a ce wa Inna" ba. Inna kawai. Sannan na ji faɗuwa.

A nan ne na tura ƙofar. A nan ne na yi gudun, ba ɗankwali, na buga ƙofar tsohuwar da hannu biyu. Matar nan da nake cewa ba ta da mutunci, ko karanta takardar ba ta gama ba ta ɗauki waya, ta biyo ni da silifa ɗaya, ta durƙusa ta tallafi kansa. Ita ta riƙe masa hannu. Motar ta zo nan da nan. Ma'aikatanta suka danna ƙirjinsa, suka ɗauke shi. Kafin la'asar ya cika.

Likitan ya fito da kansa. Ya ce jijiyar ce ta sake rufewa. Ya tambayi tun yaushe ciwon ya fara. Na ce tun hantsi. Sista ta dube ni, ta dubi takardar, don har lokacin tana hannuna a dunƙule. Ba ta fassara masa ba. Ta faɗa masa wani abu gajere, ya gyaɗa kai ya tafi. Har na bar ƙasar ba ta ce mini komai a kai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A can ba a binne mutum ranar da ya mutu. Sai takarda ta bi takarda. Kwana huɗu yana cikin sanyi. Aka kai ni wani ofis inda ake rubuta matattu, wani magatakarda mai tabarau ya ce dole dangi na jini ya faɗi sunan mamacin da bakinsa. Sista ta buɗe baki za ta roƙe shi. Na ce ta bari.

Na ce, "Haruna."

Bai ji da kyau ba. Na sake faɗa. Ya ɗago alƙalami yana jira, na faɗa na uku. Shekara arba'in da shida ina riƙe da sunan nan, na zo na ba wa baƙon da ko ɗaga kai bai yi ba.

Wasu bayin Allah mutanen Fakistan suka yi masa wanka da salla. A akwati suka sa shi, haka dokarsu take. Mace ba ta zuwa maƙabarta, amma na je, don in ban je ba babu nasa ko ɗaya. Na tsaya nesa cikin yayyafi. Ƙasar wurin baƙa ce, jiƙaƙƙiya. Ba zan iya gane wurin ba ko an mayar da ni yau.

Na dawo ni kaɗai, kujerar kusa da ni ba kowa. A bakin fita ba wanda ya tambaye ni komai. Emeka ya tarye ni a Kano, ya karɓi jakar abokinsa ya rungume, ya yi ta kuka kamar yaro a gaban mutane. A cikin jakar akwai 'yan rigunan jarirai da ya sa Sista ta sayo, da hoton nan biyu na jijiya. Hadiza ta ajiye mai kyaun, wanda hanya ta buɗe. Ta ɗauka aikin ne bai yi ba. Kowa haka ya ɗauka, ana ta cewa dabarar Turawa ce ta ci shi. Yau za ta ji gaskiya, don na ce a fara karanta mata kafin kowa. Abin da za ta yi da ni bayan nan, ita ta sani.

Ta haihu kwana tara da dawowata, namiji. Aka mayar masa da sunan ubansa. Duk gidan Audi suke ce masa, kamar yadda ake ce wa wanda bai tarar da uba ba. Ni ban ce masa Audi. Da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, tun safe har yamma, har a bakin zaure. Na san ana cewa Hajiya Kande ta je Ingila ta baro kunyarta a can. Ku faɗa. Ga Ingilar da kuke tambaya, na ba ku ita duka.

Allah Ya jiƙan wanda ke kwance a waccan baƙar ƙasa, Ya sa ya yafe mini. Yaron ya fara tatata yanzu. In na ce Haruna, yakan juyo ya dube ni yana dariya.

Ba shi nake kira ba.